Keke mai giya yana gajiyar da ni a hanyar aiki: laifin keken ne ko na jikina?

Mazaunin Ɗorayi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san keke, musamman masu gyara da waɗanda suka daɗe suna zuwa aiki a kansa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 na fara jingine babur ɗina kwana biyu ko uku a mako, daga baya da na ga lissafin ya ƙi fita sai na sayar da shi na sayi keke. Ina zaune a Ɗorayi, wurin aikina kuma yana Bompai, tafiyar kimanin kilomita 12 ke nan bisa abin da wayata take nunawa idan na bi Titin BUK na ɓulla ta Gidan Murtala. Kusan duk hanyar kwalta ce, in ban da ɗan guntun layinmu mai rairayi da ramuka.

Keken ɗan gwanjo ne mai giya 21, irin wanda aka ƙera don hawan duwatsu. Tayoyinsa masu kauri ne, da zane mai zurfi kamar tayar tarakta, kuma an rubuta 26 x 1.95 a gefensu. Kansa miƙaƙƙe ne, yana da shokozoba a gaba, ba shi da kariya, don haka jakar aikina a bayana nake goya ta. Shekaruna 39, tsayina santimita 178, kuma ban taɓa sanin ina da wata rashin lafiya ba.

Matsalar ita ce keken yana cin ƙarfina fiye da yadda hankali zai ɗauka. Tafiyar tana ɗaukar ni kusan minti 58, kuma kafin na isa cinyoyina sun yi nauyi, gaban gwiwoyina yana zafi, wuyana ya ƙage, sannan ƙaramin yatsana da na kusa da shi a hannun dama sukan mutu har sai na yi ta yarfe hannun kafin na iya riƙe biro. Zaman sirdin ma azaba ne. Na sa an ɗinka masa soso mai kauri, amma maimakon sauƙi sai abin ya ƙaru. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ranar Talatar da ta wuce wani dattijo da ya haife ni ya wuce ni a kan tsohon keke ƙirar Phoenix, da ɗaurin rake a bayansa, yana tuƙi cikin natsuwa kamar mai zuwa masallacin unguwa, ni kuwa ina haki.

Ina ƙaramin yaro na yi shekaru ina hawa Raleigh ɗin mahaifina ban taɓa jin irin wannan ba. Giyar da na fi zama a kai ita ce mafi nauyi, domin a ganina ita ce take ba da gudu, sauran kuwa wulwula ƙafa ne a banza. Sirdin na saita shi yadda zan iya dire ƙafafuna biyu a ƙasa ina zaune, saboda cunkoson 'yan adaidaita. Shin akwai abin da za a gyara, ko kuwa in sayar da shi tun bai ƙara faɗuwa ba?

Mai gyaran keke, Sabon Garin Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar sayarwa, kuma kada ka sayi komai tukuna, domin rabin kekunan da ake kawo mini da irin wannan ƙorafi ba su buƙatar sabon kaya ko ɗaya. Abu na farko, ka kifa keken ya tsaya a kan sirdi da kai, ka juya tayar gaba da hannu sau ɗaya, ka tsaya ka saurara. Tayar da take lafiya za ta daɗe tana juyawa shiru, kuma idan ta zo tsayawa za ta ɗan yi gaba ta dawo baya kafin ta natsu. Idan ka ji wani ɗan sauti yana maimaituwa a kowane zagaye, to robar birki ce take shafar wili, ko dai don birkin ya karkata gefe ɗaya ko don wilin kansa ya lanƙwashe. Idan kuma ta tsaya da wuri ba tare da wani sauti ba, ko ka riƙe bakin aksul ka ji kamar ana niƙa tsakuwa, to boris ne ya bushe ko an ɗaure shi fiye da kima. Kekunan gwanjo sukan yi shekaru a ajiye kafin su iso mana, giris ɗinsu ya daskare ya zama kamar ƙaro, kuma mai sayarwa goge jiki kawai yake yi don ya yi sheƙi. Ka yi wa tayar baya irin wannan gwaji, sannan ka sauke sarƙa daga farantin gaba, wato ƙarfen nan mai haƙora da take hawa, ka juya feda ita kaɗai. Duk inda ka ji tauri, a kwance a wanke da kananzir a sa sabon giris.

Abu na biyu shi ne iska, kuma ina kyautata zaton a nan babban ɓarawon ƙarfinka yake. Mutanenmu da yatsa suke gwada taya, alhali taya mai kauri takan yi tauri a yatsa ko da iskarta ba ta kai rabin abin da ake so ba. Ka duba gefen tayar, akwai adadin da masu ƙera ta suka rubuta, kuma a irin taka galibi za ka ga PSI 40 zuwa 65, wato ma'aunin ƙarfin iskar taya. Bawul ɗin mafi yawan waɗannan kekuna irin na mota ne, saboda haka gejin mai faci zai hau kansa. Tunda kwalta kake bi, ka sa wajen 55 a baya da 50 a gaba. Sai dai ka tsaya a kan yaron mai facin, domin ya saba da tayar mota mai shan iska da yawa, tayar keke kuwa cikin daƙiƙa kaɗan take cika. Kuma idan gefen tayar ya tsattsage saboda tsufa kada ka kai ta ƙarshen adadin. Tif yana zubar da iska a hankali ko da bai huje ba, don haka gwajin na kowane mako ne.

Sai sarƙa. Ina roƙon ka da ka rabu da baƙin man inji da ake ɗurawa a bakin titi. A lokacin hunturu ƙura takan haɗu da shi su zama wani kunu mai cin ƙarfe, ya cinye sarƙar, ya cinye haƙoran faranti, kai kuma kana biyan kuɗin wannan ɓarna da cinyarka. A wanke ta, a bari ta bushe, a ɗiga mai mara kauri a kowace gaɓa, sannan a goge na waje da tsumma har sai ba ya kama yatsa. Idan kana son sanin ko ta ƙare, ka ɗora ruler a kanta: tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, saboda haka a sabuwar sarƙa alamar inci 12 tana faɗawa daidai tsakiyar wata ƙusa. Idan ƙusar ta wuce alamar da milimita ɗaya da rabi ko fiye, sarƙar ta miƙe, a canja ta kafin ta lalata farantan baya.

Shokozobar gaban kuwa, a kekuna masu araha sifirin ne kawai a cikin bututu, nauyi yake ƙarawa, kuma duk lokacin da ka miƙe kana taka feda wani kaso na ƙarfinka yana tafiya wajen danna shi. Idan akwai abin murɗawa a samansa, ka ɗaure shi ya yi tauri. Idan babu, ka ƙyale shi, ba shi ne babbar matsalarka ba.

Ma'abocin Phoenix:

Ɗan'uwa, ni shawarata gajera ce: ka sayar da shi ka sayi irin na dattijon da ya wuce ka. Shekara 22 ina kan Phoenix, kuma ban taɓa sanin mutuwar yatsa ba, saboda a miƙe nake zaune, kan keken ya lanƙwaso zuwa gare ni, nauyina duka yana kan sirdi mai sifirin. Tayarsa inci 28 ce, siririya, tana mirginawa a kan kwalta ba tare da gurnani ba. Giya ɗaya ce da shi, babu abin da zai rikice, kayansa kuma ko a kasuwar ƙauye za ka samu. Ba banza ba iyayenmu suka riƙe Raleigh har aka kafa masana'antar harhaɗa shi a nan Kano. Garinmu shimfiɗaɗɗe ne, wanda yake zuwa Bompai ba Dala zai hau ba balle ya nemi giya 21.

Mahayin keke daga Jos:

Malam Mazaunin Ɗorayi, duk abin da mai gyara ya faɗa gaskiya ne, ka fara da shi. Amma ciwon gaban gwiwa da nauyin cinya ba daga boris suke zuwa ba, kuma kai da kanka ka faɗi dalilinsu a saƙonka ba tare da ka lura ba: ka ce kana dire ƙafafu biyu a ƙasa kana zaune a sirdi, ka kuma ce a giya mafi nauyi kake zama. Waɗannan biyun idan suka haɗu, ko sabon keke aka ciro maka daga kwali sai ya wahalar da kai.

Ka gwada tafiya a tsugune daga ƙofar gidanka zuwa bakin layi, za ka gane abin da kake yi wa ƙafafunka tsawon kilomita 12. Ƙafa tana ba da ƙarfinta ne lokacin da ta kusa miƙewa, idan kuwa sirdi ya yi ƙasa, gwiwa tana lanƙwashe sosai a daidai lokacin da kake danna feda, sai ƙoƙon gwiwar ya riƙa matsuwa a kan ƙashin cinya, shi ne zafin da kake ji a gaba. Keken hawan dutse kuma an ɗaga tsakiyarsa daga ƙasa don kada feda ta bugi dutse, saboda haka idan sirdinsa yana inda ya dace, kan yatsun ƙafa kawai za ka iya taɓa ƙasa da su. Idan za ka tsaya, sai ka zamo gaba ka sauka daga sirdin ka dire ƙafa, idan za ka tashi ka taka feda ka koma. Kwana uku ya isa ka saba, ko a cikin cunkoson 'yan adaidaita.

Hanyar saitawa mafi sauƙi ita ce ka jingina da bango, ka hau, ka ɗora dunduniyarka a kan feda tana can ƙasa. Ka yi ta ɗaga sirdin har ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka mayar da tudun tafin ƙafa na bayan yatsu kan feda, wanda da shi ya kamata a riƙa tuƙi, za ka ga gwiwar ta ɗan lanƙwasa kaɗan, to nan ne wurin. Idan kana son lissafi, akwai wanda ake dangantawa da Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar tseren keke ta Tour de France a 1986 da 1989 da 1990: ka tsaya ba takalmi, ka matse littafi tsakanin cinyoyinka har sama, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin, a ninka da 0.883. Abin da ya fito shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar aksul ɗin feda, wato wanda ya ratsa ƙasan firam ya haɗa hannayen feda biyu, da saman sirdi. Mai tsayinka zai iya samun kusan santimita 83, wanda zai ba da 73 da 'yan kai. Kada ka ɗaga gaba ɗaya rana guda. Ka ƙara santimita biyu, ka yi kwana biyu, ka sake ƙarawa. Kuma ka duba jikin ƙarfen sirdin, akwai layin da aka zana na iyaka, kada ya fito waje ko kaɗan, domin ƙarfen zai iya tsaga firam ko ya karye da kai a tsakiyar titi.

Batun giya kuma, bari in yi maka lissafin da ni ma sai da aka yi mini shi na yarda. A kekuna masu giya 21 galibi farantan gaba uku suna da haƙora 42 da 34 da 24, na baya bakwai kuma daga 14 zuwa 28. Tayarka tana cin kusan mita 2.07 a kowane zagaye. Idan kana kan 42 a gaba da 14 a baya, kowane zagayen feda yana juya taya sau uku, wato mita 6.2, amma nauyinsa ba zai bar ka ka wuce zagaye 50 a minti ba, ka ga mita 310 ke nan. Idan ka koma 34 a gaba da 18 a baya, zagaye ɗaya mita 3.9 ne kawai, amma za ka yi 80 a minti cikin sauƙi, ka ga mita 312. Gudu ɗaya ne, kusan kilomita 19 a awa, sai dai a na farko kowane taku kamar hawan bene ne da buhu a ka, a na biyu kuwa aikin ya koma kan numfashi da zuciya, waɗanda suka fi cinya jure dogon aiki. Abin da ka kira wulwula ƙafa a banza shi ne tuƙin daidai. Ka ƙirga sau nawa gwiwarka ta dama take tasowa a daƙiƙa 15. Idan tsakanin 18 ne da 22, kana kan hanya. Ka kuma riƙa sauka zuwa giya mara nauyi kafin ka tsaya a danja, domin a tashi daga tsaye ne gwiwa ta fi shan wahala.

Game da maganar ɗan'uwanmu ma'abocin Phoenix, akwai gaskiya a cikinta da ba zan musa ba. Keken hawan dutse irin naka an ƙirƙiro shi ne a shekarun 1970 a gundumar Marin da ke arewa da San Francisco a Kalifoniya, inda matasa suke gangarowa daga duwatsu a kan tsofaffin kekunan da suka gyara, kuma sai a 1981 kamfanin Specialized ya fara fitar da irinsa mai suna Stumpjumper da yawa ga kasuwa. Tayar nan mai zane an yi ta ne don ta kama ƙasa mai laushi da tsakuwa, irin hanyoyin da muke bi a nan bayan tsaunukan Shere. A kan kwalta ba abin da take kamawa, roba ce kawai take lanƙwashewa tana miƙewa tana shan ƙarfinka, kuma gurnanin da kake ji ƙarƙashinka shi ne shaidar hakan. Amma maganin wannan canjin taya ne, ba sayar da keke ba. Taya mai sumul ɗin tsakiya, 26 x 1.5 ko 1.75, za ta hau wilinka muddin ka ga lamba 559 a gefenta kamar yadda take a tsohuwar. Inda na saɓa da ma'abocin Phoenix shi ne, keken giya ɗaya ba ya da daɗi ranar da iskar hunturu ta tare ka gaba da gaba, ko wajen hawan gadojin sama da suka cika Kano yanzu, kuma birkin waya na irin naka ya fi birkin sanda kamawa idan ruwa ya sauka.

Mazaunin Ɗorayi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kifa keken jiya da yamma, kuma tayar baya ko zagaye huɗu ba ta yi ba ta tsaya, robar birki ta hagu a manne take da wili. Da mai faci ya sa geji, 24 ya nuna a baya, 27 a gaba, ni kuwa da na rantse a cike suke. Na auna ƙafata na samu santimita 83, sirdin kuma a 61 yake. Sai dai da na fara ɗagawa, ina kaiwa 66 layin iyakar ya leƙo, don haka a nan na tsaya. Yau na je aiki a minti 49, gwiwa ta yi sauƙi sosai, amma mutuwar yatsun ta ƙaru, yanzu har da hannun hagu.

Ma'aikaciyar gashin ƙashi:

Malam, ƙaruwar da ka gani ba abin mamaki ba ce, domin ka ɗaga mazauninka ka bar kan keken inda yake, saboda haka nauyin da ya bar sirdi ya koma tafin hannunka. Akwai jijiyar da take saukowa ta gefen hannu, ta ratsa tudun tafin hannu na ɓangaren ƙaramin yatsa, kuma ita ce take kai ji ga ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi. Ita kake dannewa a kan ƙarfe na kusan awa guda, sau biyu a rana. Da babban yatsa da manuni ne suke mutuwa, da sai in ce wata jijiyar ce ta tsakiyar wuyan hannu, wadda take matsuwa idan hannu ya karye baya da yawa. Ka duba yadda hannayen birki suke: ya kamata su kalli ƙasa kaɗan, yadda idan ka miƙa yatsu a kansu, damtse da bayan hannu za su zama layi ɗaya. Kada ka ƙame gwiwar hannu, ka bar ta da ɗan lanƙwasa don ta sha girgizar hanya, ka riƙa sauya wurin riƙo, kuma ka sassauta damƙa.

Sirdin ma ka duba kwanciyarsa. Ka ɗora miƙaƙƙen katako a kansa ka kalla daga gefe. Mutane da yawa sukan sunkuyar da hancinsa don gudun matsi, sai su riƙa zamewa gaba suna tokare kansu da hannu ba su sani ba. A kwance daidai ake son sa. Sosan da ka sa kuwa ka cire shi. Jiki yana da ƙasusuwa biyu a mazauni da aka halitta don ɗaukar nauyin zama. Idan sirdi ya yi laushi da yawa sai su nutse, sosan ya taso ya danne naman da ke tsakani, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke, ga zafi da gumi da yake riƙewa. Sirdi mai ɗan tauri wanda faɗinsa ya ɗauki ƙasusuwan nan biyu ya fi. Jakar baya kuma tana ƙara wa hannu da wuya nauyi, ka sa kariya ka ɗaure ta a can.

Mutuwar yatsu da take wucewa bayan mintoci ba abin tsoro ba ce, amma idan ta kwana, ko ka ga kana kasa murɗa makulli ko ɓalle maɓallin riga, ko ka ji mutuwar jiki tsakanin ƙafafu da ba ta saki ba bayan ka sauka, ka ajiye keken ka je asibiti. Haka nan idan gajiyar ta zo da ciwon ƙirji ko jiri. Kuma tunda zafin Kano yakan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ka sha ruwa kafin ka fita, ka kuma riƙe gora.

Mai gyaran keke, Sabon Garin Zariya:

Malam, maganar layin iyaka da ya leƙo a 66 ta sa na fara zargin wani abu. Ka auna daga tsakiyar aksul ɗin feda zuwa bakin bututun da ƙarfen sirdi yake shiga. Masu sayarwa sukan ce wa mutum "wannan 26 ne, na manya ne", alhali 26 girman taya ne, ba girman firam ba, kuma da taya ɗaya ake yin firam na ɗan shekara 13 da na dogon mutum. Mai tsayinka yana buƙatar inci 18 ko 19. Idan ka samu 15 ko 16, keken ya yi maka kaɗan. Za a iya lallaɓa shi da ƙarfen sirdi mai tsawon milimita 400, amma ka zare tsohon ka karanta kaurinsa da aka buga a jikinsa, kamar 25.4 ko 27.2, domin wanda ya bambanta ko da kaɗan ba zai ɗauru ba. Sai a sa masa kai mai tasowa sama wanda ya ɗan lanƙwaso baya, wataƙila da sababbin wayoyin birki da na giya idan tsofaffin ba su kai ba.

Mazaunin Ɗorayi:

Na dawo da bayani bayan mako uku. Baba mai gyara, zarginka ya tabbata, firam ɗin inci 15 ne. Na samu dogon ƙarfen sirdi bayan na zagaya shaguna huɗu da tsohon a hannuna, na kai sirdin 72 a hankali, kuma a nan na tsaya domin da na gwada 73 sai na ji ƙuguna yana rangaji. An wanke boris na baya, wanda giris ɗinsa ya fito baƙi ƙirin da ɓarɓashin tsatsa, an miƙe wilin, an sa kariya da kai mai tasowa, na kuma yage sosan. Taya ɗaya kawai na iya canjawa a wannan wata, sai na sa mai sumul ɗin a baya inda nauyi ya fi yawa.

Yanzu tafiyar tana ɗaukar ni minti 43 zuwa 45, gwargwadon cunkoso, kuma ina isa ba tare da neman wurin zama ba. Abin da ya fi wuyar sabawa shi ne giya mara nauyi, domin a makon farko ji nake kamar kowa yana kallona ina wulwula ƙafa, har sai da na lura cewa ban ƙara jin zafin gwiwa wajen ruku'u da sujada ba. Malama, yatsun sun daina mutuwa tun da aka canja kan keken aka kuma sunkuyar da hannayen birki, sirdin kuwa da na ɗora katako na tarar hancinsa a ƙasa yake kamar yadda kika faɗa.

Abin da ya rage shi ne wuya da tsakanin kafaɗu, waɗanda sukan ɗan ƙage a hanyar dawowa, kuma idan na juya kan keken sosai gwiwata takan kusa taɓa shi. Na fahimci wannan gajartar firam ɗin ce, ba abin da alanki zai gyara. Ɗan'uwa ma'abocin Phoenix, na ari na maƙwabcina na je aiki da shi rana ɗaya, zamansa ya fi daɗi babu shakka, amma ya ba ni wuya a hawan gada, don haka zan ci gaba da mai giya. Na yi magana da wani mai kayan gwanjo da ya ce yakan samu firam zalla ba tayoyi, kuma ranar Asabar zan je wurinsa da awon tela a aljihu. Baba mai gyara, idan na samu mai inci 18, shin kariyar da sabon kan da tayoyin za su koma kansa kai tsaye, ko akwai abin da zan auna kafin in biya?

Mai gyaran keke, Sabon Garin Zariya:

Tayoyi da sirdi da feda za su koma muddin firam ɗin na taya 26 ne kuma yana da ƙusoshin ɗaura birki irin naka a gaba da baya. Ka auna faɗin bakin da aksul ɗin baya yake shiga ka gwada da na tsohon, ka duba ko akwai ƙananan ramuka masu zare kusa da wurin don ɗaura kariya, sannan ka tafi da ƙarfen sirdinka ka zura shi a gabansa. Idan da hali ka karɓi wanda ya zo da ƙafafun gabansa, domin bututun wuyan babban firam ya fi tsawo, naka ba lallai su kai ba. Kafin ka ba da kuɗi, ka goge ƙura daga duk mahaɗin walda, musamman ƙarƙashin wuya da bakin bututun sirdi, ka duba a cikin rana ko akwai siririn tsagu ko wurin da fenti ya tattare.